Kana Ji?

Alhamis, 10 ga Maris 1994, da hantsi

Sun ce kafin a tashi makaranta ƙafafun za su dawo. Jiya ke nan. Na je na koyar da 'yan aji huɗu, na dawo na tuƙa tuwo na kai asibiti, gari ya waye, ƙafafu ba su dawo ba. Ko daga Wukari suke tahowa a ƙasa ai da sun iso.

Zan riƙa rubutawa a nan, domin in na faɗa da baki sai a ce Godiya ta fara halin nata. A nan kuma zan kira mijina Tobias gatsau, ba Baban Hope ba, tunda ba mai jina.

Ƙaramin aiki ne, in ji su. Ƙaba ce ta dame shi, duk ya ɗaga katako sai ta taso. Dokta Paul, mai asibitin nan na Mayo Gwoi, ya ce ba sai an sa shi barci ba. Allura ɗaya a gadon baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu na ɗan lokaci, a ɗinke, a sallame mu. An ɗinke ɗin. Ɗinkin ma ya yi kyau, na gani. Sai dai mutumin da aka ɗinke ba ya iya motsa ko ɗan yatsa ɗaya na ƙafa.

Wannan fa kafinta ne mai rufin kwano. Tun da aka ba mu jiha, rabin sababbin gidajen unguwar Sintali shi ya hau kansu, ba takalmi, wai tafin ƙafarsa ne ke gaya masa katakon da zai ɗauke shi da wanda zai ci amanarsa. Ga tafin nan yau a kan zanen asibiti. Na matsa shi da babban yatsa, kamar na matsa ɗanyar doya.

Juma'a, 11 ga Maris, da yamma

Dokta Paul ya shigo zagayen safe ina nan. Hausarsa ba ta fi cikin cokali ba, amma ya iya gaisuwa. Ya tsaya a ƙarshen gado ya ce, "Oga kafinta, ya jiki?"

Tobias ya washe baki ya ce, "Da sauƙi, dokta."

Dokta ya gyaɗa kai ya wuce gado na gaba.

Na bi shi har baranda na gaya masa da Turanci cewa babu wani sauƙi, mutumin nan ko ashana aka ƙyasta masa a ƙafa ba zai sani ba. Ya ce, "Madam, mai jiki da kansa ya ce da sauƙi. Wani allura yana daɗewa. Ki yi haƙuri."

Na dawo na tambayi Tobias wane sauƙin ya gani. Ya ce to me zai ce, mutum ya gaishe ka sai ka zazzage masa kaya? Haka yake. Ranar da guduma ta fasa masa farce, da sauƙi. Ranar da ya faɗo daga tsani, da sauƙi. Na tabbata ko a akwatin gawa aka leƙa aka ce ya jiki, sai ya ɗago ya ce da sauƙi. Wannan halin ne ya sa na aure shi, yau kuma ji nake kamar in shaƙe shi.

Asabar, 12 ga Maris, da rana

Wanki.

Lahadi, 13 ga Maris, da rana

Wanki kuma. Ban je sujada ba. Zannuwana ba su isa ba, na haɗa da labule.

Litinin, 14 ga Maris, da yamma

Yau Sallah, ba makaranta. Maƙwabciyata Binta ta kawo shinkafa da miya. Ta dubi igiyar shanya cike daga bango zuwa bango, ta dube ni. Jim kaɗan ta dawo da tsofaffin zannuwanta da sabulu ta ajiye a bakin ƙofa. Na ce useko, godiya da Fulatancinsu. Ita kaɗai ce a garin nan ba ta ce mini in yi haƙuri ba.

Da na je asibiti na juya shi zan goge masa baya, sai na ga huda biyu, ɗaya kusa da ɗaya. An ce mana allura ɗaya.

Laraba, 16 ga Maris, da rana

Na kama Barnabas a bayan ɗakin tiyata yana cin gyaɗa. Shi ne nas ɗin da ke yin allurar baya. Na ce na ga huda biyu.

Ya ce, "Na farko bai kama ba, madam. Na gwada shi, yana ji. Sai na ƙara. Haka ne ake yi."

Na ce to ga shi an ƙara har ta ƙi saki.

Ya ce, "Jikin wasu yana da ƙarfi. Mijinki ƙato ne. Zai sake shi."

Wato laifin Tobias ne da ya ci tuwo ya ƙoshi. Ya miƙo mini gyaɗa ma. Ban san yadda aka yi ban watsa masa ita a fuska ba.

Asabar, 19 ga Maris, da yamma

An sallame mu. Wai gida ya fi, zai fi sakewa. Gadon suke so, na sani. Maza biyu suka ɗauko shi daga mota zuwa ɗaki, yara suna kallo, shi kuma yana ta yi wa kowa sannu da aiki.

Ƙafar hagu ta fara motsi, zan faɗi gaskiya. Yana iya naɗe gwiwa. Ta dama tana nan tana lilo daga idon sawu. Tafin duka biyu shiru. Ɗayan abin kuwa ba zan rubuta shi ba. Na shimfiɗa leda a ƙarƙashin zane, na ce wa Hope saboda ƙura ne. Shekararta shida, ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda.

Talata, 22 ga Maris, da safe

Mama ta iso daga ƙauye, uwarsa, da doya da kaza. Ta zauna a bakin gado ta riƙe ƙafar ta daɗe. Na tausaya mata, har sai da ta buɗe baki.

"Yaron nan ta taka abu ne. Gidan mutane da yake hawa, ka san me suka sa a sama? Asibiti ba ya san wannan."

Na ce Mama, da ƙafarsa ya shiga asibitin nan, ni na raka shi, har tsallake kwata ya yi. Allura ce.

Ta ce, "Allura kowa yana yi. Ni ma an yi mini. Ga ni ina tafiya."

Wansa, Yaya Job, wanda suke aikin rufi tare, yana tsaye yana gyaɗa kai. Shi duk wanda ya yi magana ƙarshe shi ne mai gaskiya.

Alhamis, 24 ga Maris, da yamma



Ina makaranta suka kawo wani mai magani. Ya dafa ganye ya gasa masa ƙafafu. Na dawo na tarar da dunduniyar dama ta tashi ta yi ruwa, fatar ta saluɓe gefe ɗaya. Yaya Job yana ba ni labari da murna, wai mutumin ya ce bai taɓa ganin jarumi irin Tobias ba, ko uhum bai ce ba.

Na ce ina zai ce uhum, Yaya? Da kun dafa ƙafar gaba ɗaya kun ci da yaji ma ba zai ce ba.

Na ɗauki tukunyar na juye ta a kwata a gaban Mama. Ta ce ba ta taɓa ganin suruka marar kunya irina ba. Ta yi gaskiya, ba ta taɓa gani ba. Tobias yana kwance yana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri, bai ma san wa yake ba haƙurin ba.

Lahadi, 27 ga Maris, bayan sujada

Zumuntar mata sun zo da waƙa da ganga. Sun cika tsakar gida. Na kwashe shanya kafin su shigo, da ɗanyenta, na cusa a bayan ƙofa. Kowace ta riƙe hannuna ta ce haƙuri maganin zaman duniya. In magani ne, na sha har ya fara fita mini ta hanci.

Ɗaya ta ja ni gefe ta ce, "Maman Hope, amma dai ƙafa ne kawai ko?" Idonta yana kan ƙofar ɗaki. Na ce shayi za ki sha ko kunu.

Laraba, 30 ga Maris, da safe

Wanki. Gyambon dunduniya. Wanki.

Lahadin Ista, 3 ga Afrilu, da rana

Yesu ya tashi, kowa ya tashi. Mun ji.

Laraba, 6 ga Afrilu, da yamma

Bari in rubuta wannan a hankali, yadda ya faru.

Na dawo makaranta, Mama ta fita da Hope. Yana kwance rubda ciki, fuskarsa a bango, rediyo yana yi. Na gama wanke gyambon, sai na ciro fil daga ɗankwalina na ce bari in gwada. Ban gaya masa ba. Na soka a tafin hagu na ce, "Kana ji?"

Ya ce, "Ina ji."

Na koma ta dama, wadda ta fi mutuwa, na soka. "Nan fa, kana ji?"

"Ina ji mana."

Na durƙusa a ƙasa. Na fara gode wa Allah da ƙarfi, hawaye na zuba, ina cewa Ubangiji ka yafe mini maganganun da na yi. Sai ya juyo da kai yana kallona kamar na haukace.

Ya ce, "Ina jinki, Maman Hope, faɗi maganarki. Tun ɗazu kana ji, kana ji, ba ki ce komai ba."

Fil ɗin yana nan a tsaye a tafinsa. Jini ya ɗan taru a gindinsa.

Na cire na nuna masa. Ya dube shi ya yi 'yar dariya ya ce, "Ke ma kin zama irin mutumin nan na tiyata. Haka ya yi ta yi mini."

Na ce wane mutum, yaushe.

Ya ce bayan allurar farko sun kwantar da shi sun tare masa ƙirji da ƙyalle, ba ya ganin komai daga nan zuwa ƙasa. Sai ya ji muryar Barnabas daga bayan ƙyallen, "Oga, kana ji?" Ya ce ina ji. Aka yi shiru. Can kuma, "Har yanzu kana ji?" Ya ce, "Ina ji sosai, ranka ya daɗe," don kada mutumin ya ce an raina shi. Yana ta jira a faɗi abin da za a faɗa. Ba a faɗa ba. Sai ya ji sun yi Turanci, suka mirgina shi, suka ƙara wata.

Na ce lokacin ƙafarka fa?

Ya ce, "Ai ta riga ta yi nauyi kamar turmi."

Na ce me ya sa ba ka faɗa ba?

Ya ce, "Ba a tambaye ni ba."

Na fita tsakar gida na zauna a kan turmin namu na gaske. Allurar farko ta kama. Ta kama sarai. Mutumin yana mintsinin cikinsa yana tambayar jiki, shi kuma yana amsawa da kunne. Masu magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Su zo gidana su gani. Ban dafa komai ba yau, Binta ce ta ba Hope abinci.

Alhamis, 7 ga Afrilu, da rana

Ban je aji ba. Na tafi Mayo Gwoi da shirin yaƙi, na ɗaura ɗankwali a ƙugu tun daga bakin titi. Na sami Barnabas na maimaita masa maganar Tobias kalma kalma.

So nake ya musa. So nake ya ce ƙarya ne, in sami inda zan kama. Sai ya nemi benci ya zauna. Ya ce, "Yesu."

Na ce ba ka iya cewa ya ɗaga ƙafa ba? Ba ka iya cewa akwai zafi ba?

Ya ce, "Madam, kullum haka nake tambaya. Shekara nawa. Kalma ɗaya ne. Kunne ji, hanci ji, jiki ji. Ni ba yarena ba, shi ba yarensa ba." Ya share fuska. "Mutum ya ce mini yana ji sosai. In bar dokta ya yanka shi? Da ya yi ihu a kan tebur, yau da wuƙa za ki zo."

Na ce yanzu ma ban ce ban zo da ita ba.

Na zo da wuta a kai na rasa inda zan sauke ta, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ina koya wa yara Hausa kullum, ji, ji, ji, ban taɓa ganin rami a cikinta ba.

Dokta Paul ya fito. Yau bai ce in yi haƙuri ba. Ya ce mu tafi Jos, akwai likitar jijiya a babban asibiti. Na ce tun yaushe ka san da ita? Ya dubi takalminsa.

Asabar, 9 ga Afrilu, da safe

Mun yi faɗa. Ni na yi, shi ya saurara. Na ce ladabinka ya kashe mu. Na ce ka ba da ƙafafunka don kada wani ya ce ka raina shi. Na ce da sauƙi, ina ji, ranka ya daɗe, ga shi nan ran kowa ya daɗe sai naka. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba.

Da na gaji ya ce, "Babba yana magana a kaina, da wuƙa a hannunsu, ni ina kwance tsirara. Ya tambaye ni, na amsa. Ke da za ki yi yaya?"

Na ce da na tambaye shi me zan ji.

Ya ce, "Ke ce. Ni ba ke ba ne."

Ya juya bango. Kafaɗarsa tana motsi. Tun da na san shi ban taɓa ganin haka ba. Na ji kunya, na kuma ji haushin jin kunyar. Na hau gadon na kwanta a bayansa, kan ledar, har Hope ta shigo neman koko.

Alhamis, 14 ga Afrilu, Jos, da yamma

Hanya ta ci mu yini guda, ga wahalar mai, ga shi ba ya iya daɗewa ba a tsaya ba. Direban mutumin kirki ne, duk na taɓa kafaɗarsa sai ya tsaya ya ce zai duba taya.

Likitar dattijuwa ce, Hausarta tas. Ta sa ya rufe ido ta ce, "In wani abu ya taɓa ka, ɗaga hannu." Shi ke nan. Haka kawai. Cinya, hannu ya tashi. Gwiwa, ya tashi. Ƙwauri, ya yi jinkiri ya tashi. Tafin ƙafa, tana soka tana soka, hannu yana kwance. Ta juya shi ta gwada wurin zama, ni na kau da kai. Hannu yana kwance.

Ta zana mana a takarda. Ta ce a ƙarshen laka jijiyoyi suna bazuwa kamar jelar doki, suna cikin ruwa, ba su da wata kariya mai kauri. Su ke kula da ƙafa da mafitsara da sauran. Maganin da aka yi masa ana haɗa shi da sukari don ya yi nauyi ya kwanta inda ake so. In ya yi daidai, jijiyoyin su yi barci su farka. In ya yi yawa ya taru wuri ɗaya, sai ya ƙone su, kamar takin zamani in an tula shi a gindin masara. Ta ce ko a ƙasashen waje ba a daɗe da fara lura da wannan ba, likitoci suna ta gardama a kan ƙarfin maganin da kuma ƙara shi sau biyu.

Na ce da mun zo da wuri fa?

Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, abin da ya ƙone ranar nan ya ƙone. Amma da ba a bar mafitsara haka ba, da dunduniyar nan ba ta zama haka ba."

Na ce zai dawo?

Ta ce ƙarfi yana iya ƙaruwa, zai taka in ya dage. Jijiya tana tsirowa a hankali, in za ta tsiro. Tafin ƙafa kuwa ba ta yi alkawari ba. Sai ta tambayi aikinsa. Da ya faɗa, ta ajiye biro.

Ta ce, "Malam Tobias, ko kan kujera kada ka hau. Ƙafar da ba ta san inda ta taka ba, ba a kai ta sama."

Ya ce, "To, dokta. Na ji."

Na san wannan na jin. Kunne ne.

Laraba, 20 ga Afrilu, da safe

Mun dawo da robar mafitsara da magani da motsa jiki da aka koya mini. Wanki ya ragu. Mama ta koma ƙauye ba ta yi mini sallama ba, amma ta bar mini doyar.

Litinin, 25 ga Afrilu, da yamma

Ya tsaya. Ya riƙe bango ya tsaya. Ya sassaƙa wa kansa sanda, har da ado a kai, kafinta dai.

Na yi murna. Na rubuta don kada a ce ban taɓa yi ba.

Talata, 3 ga Mayu, da yamma

Yana zagaya tsakar gida, yana jefa ƙafar dama kamar mai korar kaza. Idonsa kullum a ƙasa, da ido yake takawa. In Hope ta kira shi ya ɗago, sai ya yi tangaɗi.

Yaya Job ya zo da labari. Ya karɓi rufin wani babban gida a Nukkai, mai kusurwa da yawa, irin wanda Tobias kaɗai ke iya fitar da shi. Mai gidan yana gaggawa saboda ruwa. Wai Tobias ya zo ya zauna a inuwa ya riƙa nuna musu kawai.

Na ce Yaya, ka taɓa ganin ƙaninka ya zauna a inuwa ana buga ƙusa a karkace a samansa?

Ya ce, "Ai jiki ya yi sauƙi, Maman Hope. Kowa yana gani."

Alhamis, 5 ga Mayu, da rana

Ya ce ya fara jin ƙasa. Na ciro fil. Ya janye ƙafar da hannu ya ce kada in ƙara soka masa komai, shi ba doya ba ne.

Na ce likita ta ce ko kujera.

Ya ce, "Likita ba ta taɓa hawa rufi ba. In na taka katako, ƙafar za ta tuna." Sannan ya ce, "In ban hau ba, ni wane ne a gidan nan? Kina wanke ni, kina ciyar da ni. Wane ne ni?"

Ban sani ba ko ƙarya yake mini ko kansa yake yi wa. Tsoro nake ji. Ina rufe ido sai in gan shi yana ɗora ƙafa inda babu katako, yana murmushi.

Asabar, 7 ga Mayu, da safe

Ya sa Hope ta ɗauko masa guduma da abin awo yana gogewa. Gobe sujadar godiya a coci, Litinin Nukkai. Na ɓoye tsani a gidan Binta, kamar a Nukkai babu tsani.

Lahadi, 8 ga Mayu, da yamma

Mun je. Ya sa sabuwar riga. Takalminsa na coci ya ƙi shiga saboda kumburi, sai silifas. Ya bar sandar a bakin ƙofa ya taka har gaba da kansa, ana guɗa, ana ganga, mata suna share hawaye. Fasto ya ce ga wanda aka ɗauko a hannu yau ya zo da ƙafarsa. Ni ma na yi waƙar. Me zan yi?

Da aka tashi mutane suka kewaye shi suka fita da shi. Na tsaya ɗaukar jakar Hope, na fito a baya. A kan matakalar coci na ga silifas ɗaya, na dama, a kife. Na san shi, ni na saya.

Filin cocin tsakuwa ne, rana ta gasa ta, yara ma da gudu suke tsallakawa. Yana can ƙarshen filin ƙarƙashin mangwaro, kansa a sama karon farko, yana dariya da Fasto da Yaya Job. Tun daga matakala har inda yake tsaye akwai ɗigon ja a kan tsakuwa. Gyambon ya buɗe.

Na taka na isa. Ina jinsa yana cewa, "Gobe da sassafe. Ni zan ɗora katakon tsakiya, sauran ku bi."

Duk maganar da ke bakina tun Maris, yau ba ko ɗaya. Na miƙa masa silifas ɗin kawai.

Ya dube shi ya ce, "Kai, irin nawa."

Sai ya duba ƙasa.

Ya daɗe yana kallo. Ya bi ɗigon da ido har ƙofar coci, ya dawo da shi kan ƙafarsa. Fasto ya fara wata magana ya bari. Ba wanda ya ce a yi haƙuri.

Tobias ya ce, "Yaya, ka nemi wani gobe."

Ya dafa kafaɗata, ya sa ɗaya hannun ya ɗaga ƙafar daga gwiwa. Na durƙusa a kan tsakuwar, na cire masa guda biyu da suka shige tafin, na share jinin da bakin zanena, na sa masa. Yana kallon mangwaro, ba ya son ya sake duba ƙasa a gaban mutane.

A hankali ya ce, "Ya shiga?"

Na ce ya shiga.